Ɗan jirgin icce: yadda ake yi mishi mazauni

A ƙasar Rumbu babu kogi. Akwai yara da yawa, har da manya, waɗanda ba su taɓa ganin jirgin ruwa da idonsu ba. Amma kowa ya san komin da ake zuba ma bisashe ruwa a bakin rijiya. Gungumen icce ne anka fafe cikinshi. Wasu suna ce mishi komi, wasu suna ce mishi jirgi. Masunta ma haka suke kiran abin da suke shiga bisa ruwa, don sassaƙar iri ɗaya ce. Mai son ganin na gaskiya cikin jihar Maraɗi, sai shi tafi tabkin Madarumfa. In ko ya kai Yamai ko Gaya, zai gan su birjik bisa kogin Kwara.

Ƴan ci-rani sukan komo da ɗan ƙaramin jirgi na icce, tsarabar birni. Masassaƙin gari ma shina iya yin irinshi. A cibiyar yaƙi da jahilci ko a lakkol, ɗan jirgi abin koyarwa ne mai kyau. Da shi ake koyon awo, da lissafi, da labarin ƙasa.

Amma jirgi ba shi da ƙafa. Cikinshi a gantsare yake kamar gindin tulu. In an aje shi ƙasa sai shi kwanta gefe guda. Gara ta same shi, ko akuya ta taka shi, ko mai shara ta ture shi. Aikin da masassaƙi ya yi kwanaki shina yi, sai shi lalace cikin damina guda. Tulu shina da gammo, rumbu shina da duwatsu ko gumagumai a ƙarƙashi. Ɗan jirgi ma shina son nashi mazauni, wanda anka yi daidai cikinshi, ba na aro ba.

Jirgin Dufuna

Kafin a kama gizago, ga labarin jirgin da za a yi misali da shi.

A 1987 wani Bafillace makiyayi shina ginar rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, cikin jihar Yobe ta yanzu a Najeriya. Da ya yi zurfin wajen metir 5, sai ya ci karo da baƙin icce mai tauri. Ashe jirgi ne. A 1994 masana na jami'ar Maiduguri da na jami'ar Farankfot ta Jamus sunka tono shi gaba ɗaya. Anka auna shekarunshi a Jamus, anka tarar ya kai wajen shekara 8,000. Ba a samu jirgin da ya girme shi ba a Afirka duka. Tsawonshi metir 8 da santimetir 40, faɗinshi rabin metir. Da iccen maɗaci anka sassaƙa shi. An kai shi Damaturu don ajiya.

A wancan zamani tabkin Cadi ya fi na yau girma nesa ba kusa ba. Hamada kanta tana da tabkuna. A Gobero, cikin Tenere, an samu ƙasusuwan manyan kifaye da masun kamun kifi na ƙashi. Kwarin Tarka ma, da makiyaya ke bi da bisashe yau, tsohon gulbi ne da ya ƙafe. Ashe jirgi ba baƙon ƙasar ga ba ne, ruwa ne ya janye ya bar ta.

Jirgin Dufuna ba ya shiga aji. Sai a rage shi kashi 10. Metir 8 da santimetir 40, santimetir 840 ke nan. A raba gida 10, ya ba da 84. Faɗi santimetir 50, a raba gida 10, ya ba da 5. To ɗan jirgin zai zama tsawo santimetir 84, faɗi santimetir 5. Dogo ne, siriri, bakinshi ba kauri. Irin wanga shi ya fi saurin karyewa. Duk awon da ke tafe nashi ne. Wanda jirginshi ya fi haka ko bai kai ba, sai shi bi hanyar lissafin, shi sa nashi adadi.

Wane icce?

Sharaɗi na farko, icce shi zama busasshe sarai. Ɗanyen icce shina motsi. Shina shanyewa, shina murɗewa, shina tsagewa. Mazaunin da anka yi da ɗanyen icce da kaka, kafin ƙarshen hunturu ya kwance. Iccen da ya shekara a inuwa shi ne na ƙwarai.

Bedi, wato dogon yaro, shina da kyau. Akwai shi a kowane gari, ba shi da wuyar sassaƙa, gara kuma ba ta cika son shi ba. Abin mamaki, shi da maɗaci dangi guda ne. Aduwa ma ta yi, tun da da ita ake allo da ƙotar gatari. Ƙirya ta fi su duka tauri, amma ta yi wuyar samu, kuma tana cin bakin gizago. Dashi ba shi da nauyi. Ya yi a sassaƙa jirgi da shi, bai yi a yi gindi da shi ba, don gindi nauyi ake so. Wanda ya samu guntun katako wurin kafinta a Dakoro, ko tsohon kyaure, ya huta da fafe-fafe.

Kada a sare icce mai rai don ɗan aikin ga. Dokar daji ta 2004 ta hana saran itatuwan da anka kare, kamar gawo, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Reshen da anka sassabe a gona bara ya isa, har shi yi saura.

Kayan aiki ba su da yawa: gizago, wuƙa mai kaifi, zarto in akwai, magagari, tsinken ƙarfe na huda, metir na tela, alli, guntun waya mai taushi, kwali, da ɗan ƙyallen fata.

Mazauni kashi uku ne: allon gindi guda, matasai 2 da jirgi zai kwanta bisa, da ƴan ƙafafu 2 a ƙarƙashi.

Allon gindi

Tsawon allon gindi shi zama kashi 2 cikin 3 na tsawon jirgi. A raba 84 gida 3, ya ba da 28. Sau 2, ya zama 56. Allo ke nan mai santimetir 56. Faɗinshi santimetir 12, wato ya ninka faɗin jirgi har da ɗori. Kaurinshi santimetir 2.

In allo ya fi jirgi tsawo, ido sai shi tafi ga allo shi bar jirgi. In ya gajarce ƙwarai, yaro na taɓa goshin jirgi sai duka su kife. Jirgin da ke da sanda tsaye da ƙyallen kama iska, a ƙara ma allonshi faɗi, don nauyinshi ya hau sama.

A sassaƙe allo shi miƙe. A ɗora shi bisa tebur a danna kowace kusurwa. In shina rawa, da sauran aiki. Sannan a ja layi da alli a tsakiyarshi, daga wanga kai zuwa wancan. Bisa layin nan matasai za su tsaya.

Ina za a sa matasai?

Nan ne mutane sunka fi yin kure. Kowa ya taɓa ganin mutum biyu sun ɗauko doguwar azara. In sunka kama can ƙarshe da ƙarshe, tsakiya sai ta lotsa. In sunka matso tsakiya su biyu, kawunan sai su riƙa lilo. Jirgi ma haka ne, sai dai shi lotsawarshi a hankali take zuwa, shekara bisa shekara, ba a gani sai ta yi nisa.

Wurin da ya dace shi ne rubu'in tsawo daga kowane kai. Rubu'in 84 shi ne 21. A auna santimetir 21 daga goshi, a sa alama da alli a cikin jirgi. A auna 21 daga baya, a sa alama. Tsakanin alamun nan biyu ya rage santimetir 42. A bisa allon gindi kuma, a auna santimetir 7 daga kowane kai. Mai shakka shi duba: 7 da 42 da 7, sun tashi 56.

Matashi 2 sun isa ga ɗan jirgi. In an sa 3, da wuya su yi daidai. Na tsakiya in ya ɗara sauran da ƙwayar gero, jirgi sai shi riƙa rawa bisa kanshi.

Ɗaukar siffar cikin jirgi

Wanga shi ne zuciyar aikin, shi ke son haƙuri. Cikin jirgi ba ɗaya yake ba daga goshi zuwa baya. Wani wuri ya buɗe, wani wuri ya tsuke. Don haka matasan nan biyu ba tagwaye ba ne. Kowane da nashi awo. Wanda ya yanka guda ya kwafi na biyu bisa shi, ya yi aikin banza.

A kife jirgi bisa tsumma. A ɗauki waya mai taushi, a lanƙwasa ta bisa alamar farko, a bi da yatsa har ta kwanta ko'ina. A ɗauke ta a hankali kada ta buɗe. A aje ta bisa kwali, a bi gefenta da alli, a yanke da wuƙa. A kawo kwalin a gwada ga jirgi, a ɗaga wajen haske. Inda haske ke fitowa, kwali bai taɓa ba. Inda ya tokare, a rage. A yi ta yi har haske shi ɓace. Kwali ba shi da tsada. Gara a ɓata kwali 5 da a ɓata icce guda. In an gama a rubuta "goshi" a jikinshi. A yi na biyu, a rubuta "baya".

Wanda bai samu waya ba, shi yi da laka. A shimfiɗa takarda bisa cikin jirgi don kada shi jiƙe, a danna curin laka, a ɗauke, a bari ta sha iska.

Yanzu a yanko icce 2. Kowane faɗi santimetir 9, kauri 2, tsawo 10. A lura jijiyar icce ta tsaya tsaye, daga sama zuwa ƙasa. In ta kwanta, ƙahonin matashi sai su ɓalle. A cikin 10 ɗin nan, santimetir 2 na ƙasa harshe ne da zai shiga allon gindi. A rage shi ta gefe da gefe, shi zama faɗin santimetir 4. Sauran 8 su ne a fili.

A ɗora kwali a saman iccen, a zana. Zurfin wurin kwanciya kada shi wuce santimetir 2. Rungumar cikin jirgi ake so, ba ɓoye shi ba. A ƙara faɗin zanen kaɗan, gwargwadon kaurin fatar da za a shimfiɗa. A fafe da wuƙa, a gyara da magagari.

Ga dabarar da ke sa su haɗu sarai. A naɗe cikin jirgi da takarda, a shafa alli bisa takardar, a danna matashi. Inda alli ya kama iccen, nan ne tudu. A kankare wurin, a sake dannawa. In alli ya kama ko'ina, an gama. Fasasshiyar kwalba tana kankara da kyau, sai dai a kiyayi yatsu, a kuma binne gutsattsarin don yara.

Haɗawa

A huda allon gindi wuri 2, bisa layin tsakiya, inda anka sa alamar santimetir 7. Ramin shi yi daidai da harshe: 4 a gicciye, 2 a tsaye. Mai tsinken ƙarfe sai shi gasa shi a wuta, shi huda ƙananan ramu jere, shi haɗe su da wuƙa. Harshe shi shiga da ɗan bugu kaɗan. In ya yi sako-sako, a cusa siririn tsinken icce a gefe.

Kada a sa kol tukuna. A ɗora jirgi a duba. A auna daga allo zuwa bakin jirgi a matashin goshi, a auna a na baya. A kuma jefa ƙwallon magarya cikin jirgi. In ya gangara kai guda ya tsaya can, wancan gefen ya yi ƙasa, sai a rage ɗayan. A tsuguna a duba ta goshi, a gani ko jirgi ya karkata dama ko hagu. Sai komi ya yi daidai sannan a sa kol ta kafinta, wadda wasu ke ce ma gam. Ƙaro shina kamawa da rani, amma da damina sai shi saki.

Ƙafafu kuwa, sanduna 2 ne masu tsawon santimetir 12, kauri 2. A gicciya su ƙarƙashin allo kusa da kowane kai, a kafa da ƙusa. Suna hana allo lanƙwasa. Suna bari iska ta bi ta ƙasa. Kuma in gara ta fara gini, ana ganin ta da wuri.

Daga nan sai shimfiɗa. A yanko fata mai taushi daidai wurin kwanciya, a liƙa ta ga matashi. Fata marar rini ake so. Jar fata tana da kyau ga ido, amma in ta ji raɓa sai ta zuba ma jirgi ja. Farin saƙi ninki 2 ma ya yi. Robar taya ba ta yi ba, zafi na sa ta narke ta manne. Amfanin shimfiɗa biyu ne. Tana hana gogayya, kuma tana ba icce wuri. Icce shina kumbura da damina, shina tsukewa da hunturu. In matashi ya matse jirgi ba sarari, ɗayansu sai ya tsage, kuma yawanci jirgin ne, don shi ya fi rauni.

Abu guda an hana shi sam: kada a buga ƙusa ta cikin jirgi zuwa matashi. Kada kuma a liƙe shi da kol. Ƙusa tana tsatsa, tana tsaga icce. Ma'aikatan gidajen tarihi suna da ƙa'ida: duk abin da anka yi ma kayan ajiya, shi zama ana iya warware shi. Jirgi shi zauna da nauyinshi, a ɗauke shi a mayar. In ana tsoron yara, a ɗaure da zaren auduga sako-sako.

Manya ma sun sha wuyar mazauni

Kada a ce wanga ƙaramin zance ne. A ƙasar Suwidin akwai wani jirgin yaƙi na icce, sunanshi Vasa, tsawonshi metir 69. A 1628, ranar da ya fara tafiya, bai yi nisa da bakin gaɓa ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga, ya nutse. Nauyinshi ya yi yawa a sama, na ƙasa bai isa ba. Ya yi shekara 333 cikin ruwa. A 1961 anka fiddo shi. Anka yi shekara 17 ana fesa mishi magani don kada shi tsage wurin bushewa. Anka gina mishi gida a birnin Istokholm, mutane na zuwa kallo daga ko'ina.

To amma mazaunin da anka yi mishi tun farko bai raba nauyi daidai ba. Wasu wurare sun ɗauki kaya fiye da ƙarfinsu. Da masana sunka yi ta awo shekara da shekaru, sai sunka ga jirgin shina lotsawa, shina karkata kaɗan kaɗan. A 2024 anka fara yi mishi sabon mazauni na ƙarfe, mai matasai 27, kowane an yi shi daidai wurin da zai tallafa. Shi babba ne, shi ya sa matasanshi ke da yawa. Amma hanyar ita ce dai: a auna cikin jirgi, a yi matashi daidai da shi.

Yin ƙananan jirage kuwa tsohon abu ne. A Masar, cikin kabarin sarki Tutankamun da anka buɗe a 1922, an samu ƙananan jiragen icce 35. Sun haura shekara 3,000. Abin da ya tsare su shi ne wuri busasshe, mai duhu, ba mai taɓawa.

Shafe da wurin ajiya

In an gama, a goge mazauni da tsumma. A shafa kakin zuma ko man bedi kaɗan, a murza. Man gyaɗa shina kiran tururuwa, kuma shina yin wari. Wasu suna shafa baƙin man mota don gara. In za a yi haka, a tsaya ga ƙarƙashin ƙafafu kaɗai, kada shi kusanci jirgi.

Kada a aje mazauni a ƙasa, kada a jingina shi ga bangon laka, nan ne hanyar gara. Bisa tebur ya fi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninshi da bango. A nisanta shi da taga inda rana ke bugawa, da inda rufi ke ɗiga. Da hunturu a rufe shi da ƙyalle in an tashi karatu. Ƙura kuma da gashin kaza ake share ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.

Mai ɗaukar jirgi shi sa hannu biyu ƙarƙashin ciki, daidai inda matasai suke. Ba a kama shi ta goshi. Jirgi da mazauni kuma ba a ɗauke su tare, kowane da tafiyarshi.

Sauran aiki na masu karatu ne. A samu ɗan kwali, wanda hannunshi ya fi kyau a aji shi rubuta:

Jirgin Dufuna. An same shi a 1987. Tsawo: metir 8 da santimetir 40. Wanga an rage shi kashi 10.

A kafa kwalin a gaban allon gindi. A yanko kara mai santimetir 17, a tsayar da shi kusa da jirgi. Tsawon mutum ke nan mai santimetir 170, in an rage shi kashi 10. Wanda ya dubi karan ya dubi jirgin, ya san girman na gaskiya ba sai an faɗa mishi ba. Mai koyarwa kuma ya samu tambaya: kara nawa za a jera kwance kafin a kai tsawon jirgi?

Sau 2 a shekara a ɗauke jirgi a duba mazauni, da faɗuwar damina da kuma bayan girbi. A kife allo a duba ƙarƙashi. A girgiza matasai a ji ko sun saki. In fata ta bushe ta yi tauri, a sake wata. In an ga ɗan garin icce ya zuba bisa tebur, ƙwaro ya shiga. A nemi ramin, a ɗiga man bedi, a toshe da kaki, a kuma raba mazaunin da jirgi sati 2 a gani ko garin ya daina zuba.